JAN ƊIGON DA YA SAUYA GASAR HARBI DA ƘARAMAR BINDIGA

A cikin shekarar 1990 ne maharba daga ƙasashe dabam-dabam suka hallara a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya domin gasar duniya ta tara ta harbi da ƙaramar bindiga, watau irin gasar nan da ake gama gudu da iya saiti a cikinta. A cikin waɗanda suka halarta har da wani saurayi Ba'amurke mai suna Doug Koenig, wanda ya zo da bindigarsa ɗauke da wani ɗan bututu a bisanta, sai ka ce an ɗaura mata tocila. A wancan zamani galibin tsofaffin hannu ba su amince da irin wannan na'ura ba, suna ganin ƙarin nauyi ce kawai, ga ta da saurin lalacewa, ga ta kuma ba ta aiki sai da batir. Amma da aka gama harbi aka tattara lissafi, sai ga shi saurayin nan ne ya zo na ɗaya. A cikin shekarar kuma wani ɗan ƙasarsu, Jerry Barnhart, ya ci gasar Amurka da irin wannan na'ura. Tun daga nan gardama ta ƙare, masu raina bututu suka shiga neman inda ake sayar da shi.

Abin da ke cikin bututun nan ba wani abu ba ne illa ɗan ɗigon haske ja, wanda mai harbi yake ɗorawa a kan inda yake son harsashi ya sauka. Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan, bututun ya ƙanƙance ya koma ɗan madubi kamar girman akwatin ashana ko ƙasa da haka, ya kuma mamaye filayen gasa a Amurka da Turai da Asiya da Afirka ta Kudu. Za mu duba yadda yake aiki, da yadda masu wannan wasa suke zaɓensa, da irin gyaran da suke yi wa bindigoginsu saboda shi, da kuma inda suke yin asara idan suka yi gaggawa. Mun zaɓi mu kira su maharba ko masu harbi, domin kalmar 'yan bindiga ta riga ta ɗauki wata mummunar ma'ana a ƙasar nan, alhali kuwa waɗanda muke magana a kansu 'yan wasa ne masu rajista, waɗanda takarda da faifan ƙarfe kaɗai suke harbi.

YADDA AKE CIN GASAR

Ba za a gane amfanin jan ɗigo ba sai an gane yadda ake ba da maki. Ƙungiyar da ke kula da wannan wasa a duniya ita ce IPSC, wadda aka kafa a watan Mayu na 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ta Amurka, da Jeff Cooper a matsayin shugabanta na farko. Takenta kalmomi uku ne na Latin, ma'anarsu daidaito da ƙarfi da sauri. A kowane zagaye akan shirya wa mai harbi fili mai shingaye da kusurwoyi, a kakkafa alluna na kwali da faya-fayan ƙarfe, waɗansu kusa waɗansu nesa, waɗansu ma suna lilo. Da an busa masa ƙararrawa sai ya zaro bindiga ya bi su ɗaya bayan ɗaya, alƙali na biye da shi da agogo mai jin ƙarar harbi.

Tsakiyar allo maki 5 ne, gefe ya fi haka ƙaranci, kuskure kuwa ana cire maki 10. Sa'an nan a raba jimlar maki da yawan daƙiƙoƙin da mutum ya ɓata. Ga misali: zagaye mai harsashi 12, cikakken makinsa 60 ne. Wanda ya sami 60 ɗin cif a cikin daƙiƙa 10, sakamakonsa 6. Wanda ya sami 52 kawai amma a cikin daƙiƙa 8, nasa 6.5 ne, ya kuwa kayar da na farko ko da yake bai kai shi iya saiti ba. Saboda haka duk abin da zai rage wa mutum ko da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a kowane harbi, ba tare da ya rage masa daidaito ba, to, abin nema ne ido rufe.

A nan ne matsalar tsohon masaiti take. Ƙaramar bindiga ta asali tana da ɗan tsinken ƙarfe a kan hancinta, da wata 'yar tsaga a bayanta. Mai harbi zai daidaita tsinken a tsakiyar tsagar, sa'an nan ya ɗora su duka a kan allo. Abu uku ke nan, kowanne da nisansa daga ido, alhali idon ɗan Adam ba ya iya tsayar da ganinsa tar a kan abu biyu masu bambancin nisa a lokaci guda. Don haka aka daɗe ana koya wa maharba su ƙura wa tsinken gaba ido, su bar allon ya yi dishi-dishi. Saurayi mai kaifin ido yakan iya wannan. Amma da zarar mutum ya haura shekara 40, ƙwayar idonsa takan fara taurin kai wajen ganin abin da ke kusa, lalurar nan da ke sa ma'aikaci ya riƙa nesanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta. Maharba da yawa sun ajiye wasan a kan wannan dalili, hannunsu bai gaza ba, idonsu ne ya gaza.

Jan ɗigo ya warware wannan ta wata dabara mai sauƙi. Akwai ɗan ƙwan lantarki ƙanƙane a gindin na'urar, yana haska wani gilashi mai ɗan lanƙwasa da ke gabansa. An shafe gilashin da wani sinadari mai mayar da jan haske kaɗai zuwa ido, sauran haske kuwa ya wuce, abin da ya sa wanda ya leƙa yakan ga duniya ta yi ɗan shuɗi-shuɗi. Saboda yadda aka lanƙwasa gilashin, ido yana ganin ɗigon kamar can nesa yake, a jikin allon. Ke nan mai harbi zai buɗe idanunsa duka biyu, ya dubi allo kamar yadda yake duban kowane abu, ɗigo ya bayyana a kai, ya taɓa kunama. Ya kamata a lura cewa babu wani haske da ke fita daga bindigar ya sauka a kan allo. Wanda ke tsaye a gefe ba zai ga kome ba, mai leƙawa kaɗai ke ganin ɗigon. Na'urar nan mai jefa haske a jikin abu, wadda ake gani a fina-finai, wata aba ce dabam.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Wani masanin gilashin hangen nesa na birnin Dublin, Sir Howard Grubb, shi ya ƙago ta a 1900, aka kuma yi amfani da ita ƙwarai a jiragen saman yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya rage shi ne samun fitila ƙarama wadda ba ta shan batir, sai a 1975 kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da na farko mai irin wannan ƙwai.

RUKUNI KAFIN BINDIGA

Nasarar Koenig ta jawo wata rigima. Idan mai madubi zai riƙa kayar da marar madubi, ashe gasar ta koma ta masu kuɗi. Saboda haka a gasar duniya ta gaba, wadda aka yi a Bisley ta Ingila a 1993, an raba maharba rukuni-rukuni. Aka ware rukunin da ake kira Open, watau buɗaɗɗe, inda kusan kowane gyara ya halatta, aka kuma ware wani na masu masaitin ƙarfe.

Bindigar buɗaɗɗen rukuni abar kallo ce. Ana kafa madubinta a kan wani ƙarfe da aka ɗaure a gangar jikin bindigar, don kada ya motsa sa'ad da marfin sama yake kai da komowa. A hancinta kuma akwai wani bututu mai huji-huji a sama, wanda ke fitar da hucin albarushi sama domin ya danne hancin kada ya ɗaga. Gidan harsashinta yakan kai tsawon milimita 170. Da irin wannan bindiga, ƙirar kamfanin Tanfoglio na Italiya, Bafaranshen nan Eric Grauffel ya ci gasar duniya sau biyar a jere, daga ta 1999 a Cebu ta ƙasar Filifin, yana ɗan shekara 19, har zuwa ta 2011 a tsibirin Rhodes na Girka. Amma fa irin wannan bindiga tsada gare ta, ga ƙara mai kashe kunne, ga shi kuma kullum tana hannun maƙeri.

Abin da ya kawo madubi ga talakan maharbi shi ne ƙanƙancewarsa. A 2009 kamfanin Trijicon na Amurka ya fito da wani ɗan ƙarami mai suna RMR, wanda nauyinsa bai wuce giram 35 ba, yana kuma iya jure zama a kan marfin da ke dukan gaba da baya a kowane harbi. A 2015 kamfanin Glock na Ostiriya ya fara sayar da bindigogi da aka riga aka fafe musu mazaunin madubi tun daga masana'anta. A shekarar kuma ƙungiyar Amurka ta wannan wasa, USPSA, ta buɗe sabon rukuni na gwaji wanda ya zama Carry Optics, domin bindigogin kanti masu madubi a kan marfi. Ba a daɗe ba ya zama rukunin da ya fi kowanne jama'a a ƙasar. Ita ma IPSC ta bi sahu da nata, mai suna Production Optics.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin babban kuskuren sabon shiga shi ne ya sayi bindiga tukuna, sa'an nan ya tambayi rukunin da za ta shiga. Kowane rukuni da dokarsa. Na IPSC yana da jerin sunayen bindigogin da aka amince da su, wadda ba ta ciki ba ta shiga. An ƙayyade harsashi 15 a gida ɗaya, an hana bututun huci, an kuma ƙayyade iyakar laushin kunama. Na Amurka ya fi sassauci, shi tsawon gidan harsashi yake aunawa. Dokokin nan kuma sukan sauya, sai mutum ya nemi littafin shekarar da yake ciki.

Game da bindigar kanta, masu gasa sun fi karkata ga mai nauyi. Glock 17, mai gangar jikin roba, nauyinta wajen giram 700 ne. CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek, wadda ta fito a 2016, ƙarfe ce zalla, ta kai kilo 1.3. Nauyin nan yana shanye shurin bindiga, ɗigo ya ɗaga kaɗan ya komo mazauninsa da wuri. Har ma kamfanin SIG Sauer ya cuɗa garin wani ƙarfe mai nauyi a cikin robar bindigarsa ta gasa don ya sami wannan fa'ida. Duk da haka mai nauyi tana da wuyar juyawa daga allo zuwa allo, tana kuma gajiyar da hannu a gasar yini uku. A ganina abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne yadda ƙotar ta zauna a tafin hannu. Wadda ta yi wa mutum girma ko ƙanƙanta, kullum zai zaro ta a karkace, ya ɗaga ya tarar babu ɗigo a gilashi.

GIRMAN ƊIGO DA FAƊIN TAGA

Ana auna girman ɗigo da wani ma'auni na kusurwa da ake taƙaitawa MOA, watau kashi ɗaya cikin sittin na digiri guda. Ɗalibai masu lissafi za su gane shi nan da nan: MOA ɗaya yana rufe wajen santimita 2.9 a nisan mita 100. Saboda haka ɗigo mai MOA 2.5 yana rufe santimita 1.8 a mita 25, mai MOA 6 kuwa yana rufe kimanin 4.4. Faifan ƙarfen da ake harbi a gasa yakan kai santimita 20 a faɗi. Ke nan ko babban ɗigon bai rufe ko rubu'in faɗin faifan ba a wannan nisa, kuma galibin allunan gasa ba su ma kai mita 25 ba.

Na kawo wannan lissafi ne domin sababbin shiga sukan ɗauka ƙaramin ɗigo shi ne na gwanaye. Ƙarami yana da daɗi a harbin nesa, gaskiya ne. Amma yana nuna kowace rawar hannu, har mai harbi ya tsaya jiran ya natsu, agogo kuwa ba ya jira. Babba ya fi saurin kamuwa ga ido, ya fi sauƙin bi sa'ad da bindiga take shuri. Shi ya sa za ka tarar da yawa daga cikin masu gasar gudu suna amfani da mai MOA 5 ko 6, waɗansu na buɗaɗɗen rukuni har 8.

Akwai kuma maganar lafiyar ido, wadda mai kanti ba zai faɗa ba. Mutumin da fatar gaban idonsa ba ta da cikakken zagaye, lalurar da ta yawaita ƙwarai a cikin jama'a, ba ya ganin ɗigon a matsayin ɗigo. Wani yakan gan shi kamar tauraro mai wutsiya, wani kamar waƙafi, wani kamar tarin 'ya'yan inabi. Da yawa sukan mayar da na'ura kanti suna cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Hanyar ganewa ba wuya: a ɗauki hoton ɗigon da kyamarar waya. Idan ya fito a zagaye a hoto, matsalar a ido take, sai a nemi likitan ido da tabarau. Rage hasken ɗigon yana taimakawa, waɗansu kuma sukan sami sauƙi da kore maimakon ja.

Sai faɗin taga. Gilashi mai faɗi yana ba da damar ɗigo ya zauna a ciki ko da bindiga ta ɗan karkace, shi ya sa masu gasa suke son irin su Trijicon SRO, wanda ya fito a 2019, da Leupold DeltaPoint Pro, da manyan ƙirar Holosun da ake yi a ƙasar Sin. Farashin faɗi shi ne rauni, domin babban gilashi a cikin siririn firam ba ya jure faɗuwa kamar ƙarami. Ga mai gasa wannan ba babbar damuwa ba ce, tun da yake wanda bindigarsa ta suɓuce ta faɗi a tsakiyar zagaye an riga an kore shi daga gasar, ko gilashi ya fashe ko bai fashe ba.

Abin da ya fi cin rai shi ne ruwan sama. A yawancin waɗannan na'urori ƙwan lantarkin a buɗe yake, idan ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa masa sai jan ɗigo ya tarwatse ya zama biyar ko goma, mai harbi ya rasa na gaskiya. An yi waɗansu rufaffu kamar ɗan akwati, irin su ACRO na Aimpoint, waɗanda ruwa da ƙura ba sa shiga, sai dai tagarsu ƙarama ce, sun kuma fi nauyi. A duba kuma inda batir yake shiga. Akwai waɗanda sai an kwance na'urar ɗungum kafin a sauya batir, a sake ɗaurewa, a sake gwada saiti. Wanda ake sa wa batir ta sama ko ta gefe ya hutar da mai shi. Masu hankali sukan sa sabon batir kafin kowace babbar gasa, ko tsohon bai mutu ba.

FAFE KO FARANTI

Nan ne kuɗi suke salwanta. Kamfanonin madubi ba su haɗu a kan ƙafa ɗaya ba. Mazaunin RMR dabam, na DeltaPoint Pro dabam, na Docter ta Jamus dabam, na Shield ta Ingila dabam, ramukan notinsu ba su dace da juna ba. Mai bindiga yana da hanya biyu. Ko dai ya sayi wadda aka fafe a masana'anta, ya riƙa sa ɗan farantin ƙarfe a tsakani wanda ya dace da madubin da ya zaɓa, ko kuwa ya kai marfin wurin maƙerin bindiga mai lasisi a fafe shi daidai ƙafar madubi guda.

Fafewa kai tsaye ta fi ƙarfi, madubi yakan zauna ƙasa sosai, ya matse a raminsa, ba ya dogara ga noti kaɗai. Amma ƙarfen da aka yanke ba ya komowa. Wanda ya fafe don madubi kaza, bayan shekara biyu ya ga wani ya fi masa, sai ya sayi sabon marfi. Faranti kuwa yana ba da damar sauyawa, sai dai ya ƙara tsawo, ya kuma ninka yawan notin da za su iya kwancewa. Shawarar da ta fi dacewa ga sabon shiga ita ce ya fara da faranti mai kyau na ƙarfe, har ya shekara yana harbi ya san abin da idonsa yake so.

Kada a raina maganar noti. Marfin ƙaramar bindiga yana zuwa baya ya dawo cikin ƙiftawar ido, yana dukan ƙarfe a kowane gefe, madubi na bisa yana shan wannan girgiza sau dubbai. Yawancin abin da ake kira lalacewar madubi a filin gasa, noti ne ya saki. Ana wanke shi daga maiko, a ɗiga masa ɗan maganin riƙe noti, a ɗaure da sukundireba mai auna ƙarfi daidai yadda kamfani ya rubuta. Wanda ya wuce ƙima zai tsinke shi a cikin rami. Wanda ya sa mai tsawo fiye da kima kuma, a waɗansu bindigogi yakan taɓo ƙarfen da ke fitar da kwanson harsashi, bindiga ta riƙa sarƙewa ba a san dalili ba. Gwanaye sukan ja ɗan layin fenti daga kan noti zuwa jikin madubi, da kallo ɗaya su san ko ya juya.

Sauran gyare-gyaren ba su kai wannan nauyi ba. Akan sauya sifirin da ke mayar da marfi, domin mai tauri ainun yakan sa hancin bindiga ya duƙa sa'ad da marfi ya rufe, ɗigo ya nutse ƙasa. Akan manna wa ƙota takarda mai kaushi saboda gumi. Akan kuma gyara kunama ta yi laushi, amma wannan aikin maƙeri ne, domin kunamar da aka taɓa ba bisa ilmi ba tana iya tashi ba a so ba, kuma harbin kuskure kora ce nan take.

Bayan an ɗaura sai a daidaita saiti. Yawanci akan zaɓi nisa tsakanin mita 15 da 25, a dogara hannu a kan teburi, a yi harbi biyar, a duba tsakiyar inda suka taru, sa'an nan a murɗa. A na'urori da yawa kowane ƙas ɗaya MOA ɗaya ne, watau wajen milimita 7 a mita 25. Sai a tuna cewa madubi yana bisa bututun bindiga, saboda haka a nisan mita uku ko biyar harsashi yakan sauka ƙasa da ɗigo da kamar santimita biyu. Masu shirya gasa sun san haka sarai, shi ya sa suke son rufe rabin allo na ƙasa da allon da aka hana harbi, wanda taɓa shi ke jawo asarar maki 10.

ABIN DA KUƊI BA SA SAYE

Kusan duk wanda ya koma madubi daga masaitin ƙarfe, sakamakonsa yakan faɗi a makonnin farko. Yakan zaro bindiga ya ga gilashi wayam, ya shiga jujjuya hannu yana neman ɗigo. Dalili kuwa shi ne tsohon masaiti yana nuna wa mutum karkatarsa tun bindiga tana hanya, yana gyarawa bai sani ba, shi kuwa madubi ba ya nuna kome sai an daidaita. Maganin abin maimaici ne a gida da bindiga marar harsashi, bayan an duba an sake dubawa, an kuma fitar da harsashi daga ɗakin gaba ɗaya. Kuskure na biyu shi ne ƙura wa ɗigon ido maimakon allo. Masu koyarwa sukan liƙe gaban gilashin da 'yar takarda, ido ɗaya ya ga ɗigo, ɗaya ya ga allo, ƙwaƙwalwa ta haɗa su. Wanda ya dubi ɗigo a wannan hali allo zai ɓace masa, nan take ya gane laifinsa.

Har yanzu akwai masu ganin cewa madubi ya rage darajar wasan. Gasar Olamfik tana tare da su, domin dokarta ba ta yarda da kowane irin madubi a kan ƙaramar bindiga ba. Masu karatu za su tuna Baturken nan Yusuf Dikeç, wanda ya ci lambar azurfa a wasannin Faris na 2024, hannu ɗaya a aljihu, da tabaransa na yau da kullum. An yi wannan harbi ne a Châteauroux, filin da IPSC ta yi gasarta ta duniya a 2017. Ni dai ban ga abin da madubi ya rage ba. Bai riƙe wa kowa bindiga ba, bai taɓa wa kowa kunama ba, hasali ma tona asirin mai rawar hannu yake yi. Abin da ya yi shi ne ya komo da dattawan da ido ya kora.

Wajibi ne a faɗa wa mai karatu na gida cewa wannan wasa na ƙasashen da dokarsu ta yarda ne. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, a cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Matsayinta dabam ne da na bindigar farauta, wadda lasisinta yake hannun 'yan sanda. Ko a Turai ma ba ko'ina ba ne. Bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, Birtaniya ta hana mallakar yawancin ƙananan bindigogi a 1997, har ya zama maharbanta na Olamfik sai sun ƙetare zuwa wata ƙasa kafin su yi atisaye. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi nisa a wasan, ta karɓi gasar duniya tun a 1979 da 1981, ta sake karɓa a 2002. Ɗalibi ko ma'aikacin da aiki ya kai irin waɗannan ƙasashe, ƙofar shiga ita ce kulob mai rajista, inda za a fara koya masa dokokin tsaro kafin a bar shi ya taɓa kome.

Wanda ya shiga kuwa, zai tarar cewa duk gyaran da ya yi sai ya bi ta teburin alƙalai. A babbar gasa akan karɓi harsashi takwas daga hannun kowane mai harbi. A kwance ɗaya a auna nauyin kansa a sikeli, a harba uku ta cikin na'urar auna gudu. Sai a ninka nauyin, a ma'aunin giren, da gudun, a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000. Harsashi mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 ya ba da 130, ya haye iyakar 125 da doka ta sa. Wanda ya rage albarushi don bindiga ta yi masa laushi, lissafinsa ya tsaya a 124, zai iya ci gaba da harbi, amma ba za a rubuta masa maki ba. A teburin nan kuma ake duba bindiga, a gwada kunama, a auna gidan harsashi. Wanda aka samu da gyaran da rukuninsa bai yarda da shi ba, sai a ɗauke sunansa a mayar buɗaɗɗen rukuni, ya ƙarasa gasar da bindigarsa ta kanti a tsakanin masu bututun huci.